Yadda ake duba kayan kariya na mota mai buɗaɗɗen rufi kafin a amince mata

Ɗauki kwalin sabulu da ba a buɗe ba ka murɗa shi da hannu biyu, zai yi maka gardama. Yanke murfinsa ka sake murɗawa, nan take zai lanƙwashe. Haka mota take idan aka raba ta da rufin ƙarfe. A motar da aka saba da ita, rufi da ginshiƙan da ke tallafe da shi su ke ɗaure bodi wuri guda, su ne kuma ke shiga tsakanin kan mutum da kwalta ranar da mota ta wuntsila. Motar da ake naɗe rufinta baya ba ta da wannan gatan, shi ya sa masu ƙera ta suka mayar da ƙarfin wuraren da ido ba ya kaiwa: ƙarƙashin ƙofa, cikin firam ɗin gilashin gaba, da bayan kujeru. Yawancin waɗannan kaya sau ɗaya tak suke aiki, cikin ƙasa da daƙiƙa guda, kuma ba abin da za ka gwada ka gani ba ne. Alamominsu ake bi.

Kada wannan ya sa a ɗauka motar tarkon mutuwa ce. A 2020 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta kwatanta alƙaluman haɗurran 2014 zuwa 2018, ta ga buɗaɗɗun motoci na zamani ba su fi takwarorinsu masu rufi kashe direbobi ba. Inda bambanci ya fito shi ne wurgo mutum waje: cikin direbobin da suka mutu a buɗaɗɗiyar mota, kashi 21 cikin 100 motar ce ta cillo su, a masu rufi kuwa kashi 17. Riƙe wannan a rai, domin duk abin da za a faɗa nan gaba a kan bel ya rataya.

Fara da lambar chasis, tun kafin ka taɓa motar

Lambar tana da haruffa da lambobi 17. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma a takardar da ke manne a bakin ƙofa. Tabbatar biyun sun zo ɗaya da ta takardun mota. Idan motar daga Amurka ta fito, kamar yawancin tokumbon da ke shigowa ta Legas da Kwatano, saka lambar a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai gyaran da kamfani ya kira a yi ba a yi ba. Babban abin nema a nan shi ne jakar iska ƙirar Takata. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, ranar da ta tashi sai gwangwaninta ya tarwatse ya watsa ƙarafa a fuskar direba. Matsalar ta shafi miliyoyin motoci, ciki har da Ford Mustang na 2005 zuwa 2014 da BMW 3 Series na farkon shekarun 2000. Motar da ta sha ranar jihar Fulorida ta Amurka sannan ta zo ta ɗora da tamu, ita ce ta fi cancantar a yi mata wannan binciken.

Bodi: ƙarƙashi da ginshiƙan gaba

A ɗaga motar ko a hau da ita rami, ka shiga da tocila. Dogon ƙarfen da ke bin ƙarƙashin ƙofa daga tayar gaba zuwa ta baya shi ne ƙashin bayan irin wannan mota, ya fi na motar gida kauri sosai. Nemi alamar walda, tsatsa, ko wurin da aka dake da jak ya lotsa. Akwai kuma sandunan ƙarfe da aka gicciya a ƙarƙashi aka ɗaure da kusoshi. Wani bakanike kan kwance su don ya isa giyabos ko salansa, ya ga kamar ba su da aiki, ya jingine su a bango. Idan ka ga ramukan kusoshi babu komai a jiki, to an cire wani abu.

Daga nan ka dawo kan ginshiƙai biyu da ke riƙe da gilashin gaba. A cikinsu akwai bututun ƙarfe mai tsananin ƙarfi, wanda aka gasa aka daddale a masana'anta. Irin wannan ƙarfe ba a miƙe shi. Da zarar mai gyaran bodi ya sa masa wuta ya buga ya koma daidai, to ido ne kawai ya gamsu, ƙarfin ya tafi. Ɗaga robar bakin ginshiƙin ka duba ko fenti ya bambanta, ko akwai kaurin foti. Motar da aka taɓa yi wa aiki a nan, a bar ta, kome arharta.

Buɗe ƙofofi biyun ka rufe, da rufi a rufe, sannan da rufi a buɗe. Su shiga da sauƙi iri ɗaya. Idan an sauke rufi ƙofa ta fara cijewa, bodi ya saki. A gwajin tuƙi kuma ka bi ta kan hanya mai gargada a hankali, idonka na kan madubin tsakiya. Ɗan karkarwa kaɗan halin motar ne. Amma idan sitiyari da firam ɗin gilashi suna rawa kowa da nasa kiɗan, akwai abin da ya kwance ko ya tsage.

Ƙarfen da ke tare kai idan mota ta kife

Iri biyu ne. Akwai kafaffe, baka biyu na ƙarfe da ke tsaye bayan kujeru kullum, kamar na Porsche Boxster da BMW Z4. Akwai kuma mai faso kai, wanda ke ɓoye bayan kujerun baya sai lokacin buƙata. Mercedes-Benz ce ta fito da wannan a motarta SL a 1989, yana miƙewa cikin kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa. Ana samunsa a yawancin masu kujera huɗu na Turai, irin su BMW 4 Series, Audi A5, Volvo C70, Volkswagen Eos da Peugeot 307 CC.

Yadda yake aiki: akwai sensa da ke auna karkatar mota da saurin karkatar, da kuma ko tayoyi sun bar ƙasa. Idan kwamfuta ta ga mota za ta kife, sai ta saki ƙugiyar da ke danne da sifirin, ƙarfen ya harbo sama, haƙoran da ke jikinsa su kulle shi yadda nauyin mota ba zai mayar da shi ba. A wasu motocin maganaɗisun lantarki ke sakin ƙugiyar, a wasu kuma ɗan ƙaramin harsashi ne irin na jakar iska. Na farkon ana iya danna shi ya koma bisa ƙa'idar da littafin motar ya nuna. Na biyun idan ya tashi sai an canza.

Ga abin dubawa. Murfin da ke saman ƙarfen ya zauna daidai, babu gam, babu sukurun da ba na kamfani ba. An sha ganin motar da ƙarfenta ya tashi a haɗari, aka danna shi da ƙarfi aka ɗaure da waya don rufi ya samu hanyar rufuwa. Daga waje lafiya lau, amma ba zai sake tashi ba har abada. Idan motar tana da maɓallin ɗaga shi da hannu, kamar tsofaffin SL, ɗaga ka sauke sau biyu. Idan babu, sai na'urar duba mota. Kuma kada a taɓa ɗora komai a kan murfin: ba jaka, ba lasifika, ba matashi, balle yaro ya zauna a wurin ana zagaya gari ranar biki. Abin da ke fitowa da wannan saurin yana karya ƙashi.

Ga kafaffen kuwa, gwaji ɗaya ne mai sauƙi. Zauna yadda kake tuƙi, wani ya ɗora doguwar sanda daga saman firam ɗin gilashi zuwa saman ƙarfen baya. Kanka ya kasance ƙarƙashin sandar, da 'yar rata. Idan kai ya taɓa, sauke kujera. Idan an sauke har ƙarshe bai wadatar ba, motar ta yi maka kaɗan. Sannan a bambanta wannan da bakan ado masu ƙyalli da ake sayarwa a ɗaura da kusoshi biyu. Waɗannan kwalliya ce zalla, suna lanƙwashewa, kuma wajen kan mutum suke lanƙwasowa. A sani kuma ba kowace buɗaɗɗiyar mota ke da ƙarfen baya ba. Wasu na kasuwar Amurka da ginshiƙan gaba kaɗai suka dogara.

Bel da jakunkunan iska

Tunda babu ginshiƙin tsakiya, bel yakan fito daga bodi a bayan kafaɗa, ko daga jikin kujerar kanta. Zaro shi gaba ɗaya ka bi shi da yatsa, kana neman zarewar zare ko wurin da ya ƙone ya yi santsi. Fizge shi da ƙarfi, ya kulle nan take. Sake shi, ya koma da kansa. A cikinsa akwai abin da ke tsuke shi a jikin mutum a farkon karo, shi ma sau ɗaya yake aiki. Bel ɗin da ya ƙi fita ya ƙi komawa, ko makullinsa na gefen kujera ya nutse ya fi ɗan'uwansa gajarta, alama ce ya riga ya tashi. Idan bel a jikin kujera yake, to kujerar ce ke ɗaukar nauyinka a karo: kwantar da bayanta ka mayar, ka ji ta ce ƙas, ka jijjiga ka tabbatar ta kama.

Jakar iska ta gefe ita ce ta fi ba masu ƙira wahala. A motar gida daga rufi take saukowa kamar labule. A nan babu inda za ta sauko, sai aka juya ta. Wasu suka sa doguwa a gefen kujera mai kare ƙirji da kai tare. Porsche Boxster na 2005 da Volvo C70 na 2006 suka sa ta cikin ƙofa, tana hurowa sama ta tsaya da kanta ko da gilashi a sauke yake. Wannan na nufin abu biyu. Kada a sa wa kujera rigar da ta rufe gefen da aka rubuta AIRBAG, kuma kada mai ɗinkin kujera ya sake ɗinke wannan gefen da zare mai ƙarfi, domin an yi ɗinkin asali ne don ya yage. Na biyu, ɗora hannu ko haɓa a kan bakin ƙofa ana tafiya, dabi'ar da buɗaɗɗiyar mota ke jawowa, ɗora su ne a bakin jakar.

Yanzu murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilar SRS, wato ta jakar iska, ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu ita kaɗai. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe. Idan ta mutu daidai lokacin da fitilar mai ko ta batir ta mutu bayan inji ya tashi, yi zargin an haɗa wayarsu. Akwai kuma dabarar saka ɗan resisto a madadin jakar da ta fashe don kwamfuta ta ɗauka tana nan. Shi ya sa fitila kaɗai ba ta isa shaida ba: duba murfin sitiyari da dashbod ko an yi musu ɗinki ko fenti, sannan a sa na'ura a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. 'Yar ƙaramar na'urar nan mai arha inji kawai take karantawa. Nemi rewaya mai babbar da ke shiga kwamfutar jakar iska, da ta birki, da ta rufi, ya nuna maka allon da idonka.

Na'urorin da ke hana haɗarin tun farko

Mafi amfani a cikinsu ita ce ESP, wasu kamfanoni na kiranta DSC ko ESC. Tana kwatanta inda ka juya sitiyari da inda motar ta nufa, idan sun saɓa sai ta kama birkin taya guda ta dawo da ita. Yawancin kifewa daga zamewa suke farawa, mota ta sauka gefen titi ta yi tuntuɓe, don haka ita ce kariyar farko. Ta zama dole a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai daga Nuwamban 2014. Da sensar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki) ta ƙafafu take aiki, saboda haka fitilar ABS a kunne na nufin ita ma ta kwanta. Yawanci waya ce ta tsinke a bayan taya ko laka ta toshe sensa. Bayan an yi alaimen kuma a sake saita sensar sitiyari.

Taya: lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Irin wannan mota takan yi shekaru a gareji, zanen taya sabo fil amma robar ta tsufa. Wadda ta haura shekara 6 a sa mata ido sosai, a zafin nan namu gara a canza. Da yawansu ba su da safaya saboda rufi ya cinye but. Masu tayar da ke tafiya ba iska, ƙa'idarsu kusan kilomita 80 ne a gudun da bai wuce 80 ba. Fitilar iskar taya a motocin Amurka sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 take kamawa, don haka kada a jira ta, a auna da geji da safe. Idan za a sayi sabuwar sensar taya a duba mitarta, ta Amurka galibi MHz 315 ce, ta Turai MHz 433, ba sa jin juna.

Idan rufi a rufe yake, gefen baya makaho ne ƙwarai: gilashin baya ƙarami, kyallen kuma ya rufe kusurwa. A nan kyamarar baya da fitilar madubi mai gargaɗin mota a gefe suke biyan kuɗinsu. Radar ɗinta na cikin kusurwar bambar baya, foti mai kauri ko bambar da aka ɗaura a karkace na rikita ta. Kyamarar birkin gaggawa kuma tana manne a gilashin gaba. Duk ranar da aka canza gilashi sai an sake saita ta da na'ura, kuma da gam ɗin gilashin mota na ainihi za a kafa shi, ba silikon na gini ba, domin gilashin yana cikin abin da ke ƙarfafa firam. Lokacin hunturu, ƙura kan sa ta rubuta cewa ta daina aiki. Goge wurin da ƙyalle mai laushi, ka kuma ƙara tazara, don ba ta gani cikin hazo fiye da kai.

Sauke rufi da ɗaga shi

Mota a wuri mai daidai, inji na aiki, domin famfon rufi na jan wuta sosai. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, idan ya yi ƙasa rufi kan tsaya a rabi. Buɗe but ka ja shingen kaya ya zauna a mazauninsa. Akwai ɗan makunni a ƙarƙashinsa, in bai danne ba rufi ba zai motsa ba, kuma wannan ne sanadin yawancin kukan "rufina ya lalace". Duba sama da baya, kada akwai reshe ko rufin gareji. Kowa ya janye hannu daga gefe. Danna maɓallin ka riƙe, kada ka saki har gilasai su koma sama ka ji ƙarar kammalawa. Masu sakata ta hannu a tsakiya, kamar Mustang da Mazda MX-5, a tabbatar ta kama kafin a motsa.

Kowace mota da iyakarta. BMW Z4 ƙirar 2019 daƙiƙa 10 ne, har gudun kilomita 50 a awa. Porsche 911 daƙiƙa 12, shi ma 50. Mini daƙiƙa 18, iyakarsa 30. Masu rufin ƙarfe mai naɗewa sun fi son a tsaya ko a yi tafiyar kura. Wannan alƙaluman na titi mai santsi ne da iska a kwance. A kan gargada, ko hadari ya taso da guguwa, tsaya kawai: rufin da ya kai rabi tamkar tabarma ce aka shanya wa iska, yana iya lanƙwasa sandunansa. Kada kuma a yi ta wasa da shi ana nuna wa abokai, bayan 'yan zagaye famfo zai yi zafi ya kashe kansa sai ya huce.

Idan ya tsaya a hanya, bi daga mai sauƙi: shingen but, batir, fis, sannan man famfo. Tankinsa ƙarami ne, galibi a gefen but, da layin sama da na ƙasa. Man da littafin motar ya ce shi kaɗai za a zuba. Man birki na cinye robobin silinda. Jiƙewar mai a saman gilashin gaba ko a kafet ɗin but na nufin silinda na yoyo, kuma zafi ne ke busar da robobin. Idan gefe ɗaya ya riga ɗaya tashi, saki maɓalli nan take. Yawancin motocin suna da hanyar rufewa da hannu: a saki matsin man, mutum biyu su ɗaga daidai da juna, a kulle da alankin da ke cikin kayan aikin motar. Karanta shafin da ya yi bayanin haka a littafin motar a gida da rana, ka kuma tabbatar alankin na nan.

Kafin damina, nemo magudanan ruwa da ke ramin da rufi ke kwanciya. Zuba ruwa kofi ɗaya, ya fito ta ƙasan mota. Ƙurar rani da ganye na toshe su, ruwa ya taru ya gangara ƙarƙashin kafet inda kwamfutoci suke. A Boxster na farko kwamfutar makulli tana ƙarƙashin kujerar hagu, ruwan dare ɗaya na iya hana motar tashi. Da siririn tiyo mai laushi ake zurarawa, ba da wayar ƙarfe ba. Robobin bakin rufi a shafa musu man roba sau biyu a shekara, ba giris ko baƙin mai ba. Kada a naɗe kyallen yana jiƙe, kada kuma mai wankin mota ya kafa masa bakin injin feshi kusa.

A kan hanya

Kowa da bel, har na baya, ko da unguwa za a zagaya. Matashin kai ya kai tsayin saman kai. Kujerar jariri mai kallon baya ba ta zama a gaba sai an kashe jakar iskar wannan ɓangaren, a masu kujera biyu a duba makunnin da fitilar da ke tabbatar da hakan. Rawani, gyale, mayafi da hula a ɗaure su ko a cire, iska na iya mayar da su kan fuskar direba, takardu da leda kuma a kulle a aljihun dashbod. A babbar hanya ɗaga gilasan gefe ka kafa ragar tare iska ta bayan kujera, hayaniya da bugun iska za su ragu sosai. Amma ragar a masu kujera huɗu kan kujerun baya take zama, don haka ba a sa ta da mutum a baya. Iskar da ke kaɗawa tana ɓoye zafin rana har sai jiri ya fara, saboda haka da tsakar rana a rufe a kunna AC. Idan ana walƙiya da tsawa, rufin kyalle ba ya ba da kariyar da na ƙarfe ke bayarwa, a nemi gini a fake. Bayan tirela ko tifar yashi kuwa, ja baya sosai ko ka rufe, domin tsakuwar da za ta tsaya a rufin wata motar, a nan kanka za ta samu.